Yadda Za Ku Gane Ko Shirin Gyaran Ɗabi'a Ya Yi Aiki a Makarantarku

Duk makarantar da ta rage bulala da tsallen kwaɗo, ta koma koya wa yara ɗabi'a da yaba musu in sun yi daidai, akwai tambayar da ke jiran ta a taron iyaye da malamai: to, me ya canza? Ni mataimakin shugaba ne a wata ƙaramar sakandaren gwamnati a cikin birni, kuma littafin laifuka a teburina yake kwana, don haka in aka yi wannan tambayar ni ake juyowa a kalla. "Alhamdu lillahi, yara sun natsu" ba ta isa amsa ba. Uban da ya rufe shagonsa a Kantin Kwari ya zo taro ya cancanci a nuna masa abin da ido zai gani.

Shirin da nake magana a kai shi ne wanda ake kira PBIS. A Amurka aka tsara shi cikin shekarun 1990, kuma sunayen da aka fi dangantawa da shi su ne Robert Horner da George Sugai, lokacin suna Jami'ar Oregon. Gundarinsa ba baƙo ba ne a wajenmu. Makaranta ta zaɓi ƙa'idoji uku zuwa biyar, a koya wa yara yadda kowacce take a aji da bakin famfo da filin wasa, a riƙa yaba wa wanda ya bi, hukunci kuma ya zama iri ɗaya ko wane malami ne ya kama yaro. Mu kalmomi uku muka ɗauka: ladabi, amana, himma. Masu shirin suna ƙiyasta cewa kusan kashi 80 cikin 100 na yara wannan kaɗai ya ishe su, kusan kashi 15 sai an ƙara musu kulawa a ƙananan rukunoni, sauran kashi 5 kuma sai an zauna da kowanne shi kaɗai.

Ku fara rubutu tun kafin ku fara shirin

In ba ku san inda kuka taso ba, babu yadda za ku ce kun yi gaba. Ku ba da zango guda, in da hali shekara, kuna rubuta laifuka kafin ku canza komai. Wanda ya riga ya fara, ya tono tsohon littafin da rajistar kiran suna ta bara, duk gurguncinsu.

Littafi mai kauri da rula sun isa, ba sai da kwamfuta ba. A ja layuka: kwanan wata, ƙarfe nawa, a ina, aji, wane laifi, wa ya kawo yaron, me aka yi masa. Layin "a ina" da na "ƙarfe nawa" su aka fi mantawa da su, alhali su suka fi amfani.

Inda aikin yake shi ne malamai su yarda da ma'anar kowane laifi. Ku ɗauki "rashin kunya". A wajen wani malamin, yaro ya ɗago ya kalle shi ido cikin ido ya yi rashin kunya. Wani kuwa sai an zage shi zai kira ta haka. Muddin kowa da ma'auninsa, abin da littafinku ke aunawa haƙurin malamai ne, ba halin yara ba. Ku zauna a ɗakin malamai ku raba laifuka gida biyu. Surutu, barci a aji, rashin biro, cin gyaɗa ana darasi, waɗannan malami ya gama da su a ajinsa. Faɗa, sata, zagin malami, haura katanga, shigowa da wuƙa, waɗannan na ofis ne, kuma su ake shigarwa babban littafi. Makara ta samu nata littafin a bakin ƙofa, a hannun malamin da ke kan aiki, don firifet yakan tsallake sunan abokinsa.

Ku auna malamai kafin ku auna yara

Wannan shi ne abin da na fi so ku riƙe. Sau da yawa in aka ce shiri bai yi aiki ba, gaskiyar magana ba a yi shirin ba ne. An manna takarda a bango, an yi jawabi a asambuli, sati uku kowa ya koma gidan jiya. Kamar likita ne ya rubuta magani, ba a sha ba, a dawo ana cewa maganin ba shi da kyau.

Ku nemi mutumin da ba ma'aikacinku ba, malami daga makarantar maƙwabta ko wani dattijo daga kwamitin SBMC, wato kwamitin al'umma mai sa ido kan makaranta, ya shigo ba tare da an sanar ba. Ya tari malamai 10 da ɗalibai 15, waɗanda ya ci karo da su, ba waɗanda shugaba ya zaɓo ba. Ya ce wa yaro, "Ɗan nan, mene ne ƙa'idojin makarantarku?" Ya ce wa yarinya, "Yaushe rabon da wani malami ya yaba miki, kuma a kan me?" Ya tambayi malami, "Malam, wane laifi ne kake turawa ofis, wanne kake gamawa da shi a aji?" Maigadi da masu sayar da awara a lokacin tara su ma a tambaye su, don sun fi mu ganin yara a inda ba malami. Irin wannan zagayen yana cikin takardar aunawar da ake amfani da ita a Amurka, kuma a can in makaranta ba ta kai kashi 80 cikin 100 ba, ba a lissafa ta cikin masu gudanar da shirin yadda ya kamata. In naku sakamakon ya yi ƙasa, ku dakata da duba alƙaluman yara, ku koma ɗakin malamai.

Yadda ake ƙirga

Kada ku kwatanta jimillar wata da ta wani watan kai tsaye. A ce a Oktoba an yi kwana 20 ana karatu, laifuka 60 suka zo ofis, wato 3 ke nan a rana. A Disamba an yi kwana 10 aka tafi hutu, laifuka 40 suka zo. Mai gaggawa zai ce an samu sauƙi, alhali 4 ne a rana, abin ƙaruwa ya yi. Kullum ku raba da yawan kwanakin karatu, sannan ku mayar da shi kan kowane ɗalibi 100, saboda yawan yaran bana ba shi ne na bara ba.

Zangon farko na bana da zangon farko na bara za ku haɗa, ba da zango na biyu ba. Duk malamin Kano ya san yaran Afrilu, ana zafin nan da ƙarfe ɗayan rana a aji mai kwano ba silin, ba su ne yaran sanyin Janairu ba. Hunturu na kawo makara, damina na kawo fashi a unguwannin da ruwa ke tare hanya. Azumi kuma yana ja baya da kusan kwana 11 kowace shekara, kuma yara sukan yi laushi a cikinsa, don haka ku rubuta a gefen takarda makonnin da ya faɗo.

Daga nan ku ware alƙaluman gida-gida, a nan ne littafin zai fara yi muku magana. A tamu makarantar, da muka tara faɗace-faɗacen zango muka duba layin wuri da na lokaci, sai ga yawancinsu a bakin famfo, dab da a kaɗa ƙararrawar dawowa daga tara. Yara da yawa, bakin famfo ɗaya, kowa na tsoron ya makara aji. Ba wa'azi suke buƙata ba. Layi biyu aka shata da farar ƙasa, aka raba wa ajujuwa lokacin fita, malami ɗaya ya riƙa tsayawa a wurin.

Sai ku ƙirga yaran su kansu: nawa ne ba su zo ofis ba ko sau ɗaya suka zo, nawa suka zo sau 2 zuwa 5, nawa suka kai 6 ko fiye. In 'yan tsiraru ne ke cika littafin, shirin bai-ɗaya yana tafiya, waɗannan ne ke buƙatar a kira iyayensu a ji abin da ke faruwa a gida. In kuwa sunaye sun bazu ko'ina, gyaran na makaranta ne gaba ɗaya.

Akwai tarko biyu. Na farko, a watannin farko adadin yakan hau, saboda yanzu ne aka fara rubuta abin da a da ake gamawa da shi da dorina a bayan aji. Kada wannan ya karya muku gwiwa. Na biyun ya fi haɗari: adadin ya sauka saboda malamai sun fahimci shugaba na son ganin ya sauka, sai suka daina kawo yara. Shi ya sa littafin laifuka ba ya zama shaida shi kaɗai. Ku haɗa shi da rajistar kiran suna, da yawan waɗanda aka kora gida na ɗan lokaci, da ƙorafin da iyaye ke kawowa. Sau ɗaya a zango ku raba wa yara 'yar takarda ba suna: wane wuri kake tsoron zuwa a makarantar nan? An dake ka a wannan watan? Ku duba amsar mata daban. Yarinyar da ake tsangwama ba ta yin faɗa, ba ta shiga littafi, zuwa kawai take dainawa, kuma wannan ya fi damuna fiye da duk wani faɗan bakin famfo.

Maganar sakamakon jarrabawa

A nan ku yi hattara da alƙawari. Catherine Bradshaw da abokan aikinta sun bi makarantun firamare 37 a jihar Maryland ta Amurka tsawon shekara biyar, wasu an horar da su kan shirin wasu ba a horar ba, aka wallafa sakamakon a 2010. An ga raguwar kai yara ofis da dakatar da su, amma a makin jarrabawa bambancin bai fito ƙarara ba. Dalilin a fili yake. Natsuwa tana ba malami lokaci, amma ba ita ke koyar da lissafi ba. In babu malamin lissafin, ko yara 90 ne a aji babu littafi, ladabi ba zai cike gurbin ba.

Saboda haka ku fara da abin da ke kusa. Minti nawa ke wucewa tsakanin ƙararrawa da fara darasi? Ku sa wani ya zauna a bayan aji da agogo, a farkon shekara da ƙarshenta. Yara nawa ke kawo aikin gida? Nawa ke nan har a tashi, musamman ranar Juma'a? Waɗannan su ke fara motsi, maki ya biyo baya.

In kun zo kan makin, kada ku dogara da gwajin da malami ya tsara kuma ya maka da kansa, don mutum yakan sassauta wa yaron da ya daina ba shi wahala. Ku tsara gwaji ɗaya na karatu da lissafi, malaman ajujuwa su yi musayar takardu wajen makin. Ku bi yara iri ɗaya daga aji ɗaya zuwa aji uku, maimakon haɗa 'yan aji ukun bana da na bara. Kuma ku ƙirga waɗanda suka daina zuwa, domin in masu rauni suka koma talla ko gareji, matsakaicin maki zai hau ba tare da kowa ya ƙaru ba. Sakamakon BECE, wato jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, ko na kwalifayin da NECO da WAEC ga manyan sakandare, sai an tara na shekara biyu ko uku kafin a ce komai a kansa.

Ku kuma rubuta duk wani abin da ya canza a lokacin. An ƙaddamar da ilimi kyauta kuma dole a Kano a 2019, an ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a 2024. In a shekarar da kuka fara shirin aka kawo muku kujeru, ko sababbin malamai, ko aka zagaye makarantar da katanga, ba daidai ba ne shirin ya kwashe yabon duka. Hanya mafi kyau ita ce ku samu makaranta mai kama da taku a girma da irin unguwa, ta Gwale da ta Dala misali, ku yi rubutu iri ɗaya, ku fara bana su fara baɗi.

Kwamitin mutum huɗu ko biyar ya riƙa zama da littafin sau ɗaya a wata, kuma kada a tashi sai an yanke abu ɗaya da za a canza da wanda zai yi shi. Ranar taron iyaye ku zo da shafi ɗaya da Hausa: laifuka a rana bara da bana, halarta, wuraren da suka gyaru, da waɗanda har yanzu suka gagara. Kada sunan yaro ko ɗaya ya fito a takardar. Uban da ke son jin labarin ɗansa ya same ku a ofis bayan an watse.