Sayen dinamon caji na tsohuwar Hilux

Kafin ka sayi wani, auna batir da mita injin yana aiki. Volt 13.8 zuwa 14.4 lafiya lau ne. In ka ga 12, duba bel tukuna, sau da yawa shi ne ya saki, ko sharbon, wato ɗan gawayin da ke gogar cikin dinamo, ya cinye saboda ƙurar hanyar Tahoua.

In dai dinamon ne ya mutu, kwance shi ka tafi da shi kasuwa a hannu. A jera shi da wanda za ka saya: ƙafafun ɗauri, bakin fuli, ramukan filogi, duk su zo ɗaya. Amfiyan, wato ƙarfin wutar da ke rubuce a jikin wanda za ka saya, kada ya gaza na tsohon.

Hilux mai gazuwal, injin samfurin 2L ko 3L, tana da famfon iska a bayan dinamo, shi ke taimakon birki. Wanda ya ɗaura marar famfo, birkinsa zai yi tauri kamar dutse. Wannan ba wurin neman araha ba ne.

Na hannu kuwa, juya fulin kusa da kunnenka. In yana gurnani, boris ya tafi.

Cire kan batir na negatif kafin ɗauri. Kada a cire shi injin yana aiki don gwaji, hakan yana ƙone diyod, wato ƴan na'urorin cikin dinamo masu daidaita wutar da ke zuwa batir.