Yadda ake gane tarkacen roka a cikin duwatsun da ke kewaya rana

A watan Satumban 2020 na'urar hangen nesa ta Pan-STARRS da ke Hawaii ta hango wani ɗigon haske yana tunkaro duniya, aka sa masa suna 2020 SO a matsayin dutsen sararin samaniya. Ashe ɓangaren roka ne. Ga hanyar da masana ke bi su rarrabe.

Da farko a bi sawunsa darare da dama, a lissafa falakinsa, wato hanyar da yake bi wajen kewaya rana. Yawancin duwatsu hanyarsu a karkace take, kuma da gudu suke wuce mu. Abin da ya taso daga duniya kuwa yakan riƙe hanya kusan irin tata, ya zo a hankali. Wannan ne ya sa Paul Chodas na hukumar NASA ya fara zargi.

Sai a mayar da lissafin baya a kwamfuta, a ga yaushe abin ya taɓa kusantar duniya. Na 2020 SO ya faɗa ƙarshen 1966. Aka buɗe tarihin harbe-harbe: ranar 20 ga Satumban shekarar Amurka ta aika kumbon Surveyor 2 zuwa wata, rokar Centaur da ta tura shi ta zarce ta shiga kewaya rana. Dacewar lokaci alama ce mai ƙarfi, amma ba ta isa a yanke hukunci ba.

Mataki na uku shi ya fi burge ni. Hasken rana yana da ɗan turi. Dutse mai nauyi ba ya jin sa sosai, amma rokar da man cikinta ya ƙare kamar gwangwanin da ba komai ciki take, ga faɗi ba nauyi. In aka yi makonni ana aunawa, za a ga tana kaucewa kaɗan-kaɗan daga inda lissafi ya ce za a same ta.

Hujja ta ƙarshe daga launin haskensa take fitowa. A tarwatsa hasken da yake mayarwa, a gwada da na abin da aka sani. Na 2020 SO ya dace da ƙarfe mara tsatsa, ya kuma yi daidai da na wata Centaur ta 1971 da ke kewaya duniya. Ta haka aka ga alamar farin fenti jikin wani abu mai suna J002E3 a 2002, wanda ake kyautata zaton ɓangaren rokar Apollo 12 ne ta 1969.

Kafin ka kai rahoton sabon dutse, duba Horizons, rumbun bayanan NASA na hanyoyin duwatsu da kumbuna, ka tabbatar ba abin da aka harba ba ne, domin lokacin aikin manyan na'urorin hangen nesa kaɗan ne, kuma duwatsu masu haɗari na gaske ne suka fi cancantarsa. A Janairun 2025 an yi wa wani "dutse" rajista da suna 2018 CN41, nan da nan aka soke sunan da aka gane motar Tesla ce da kamfanin SpaceX ya harba a Fabrairun 2018.