Ba kowace kwasa ce ganima ba: kurakuran masu fassara labarin wawaso

Shekara goma sha huɗu ke nan ina juya labarai daga Turanci zuwa Hausa a wani gidan rediyo a nan Kumasi, kuma duk yaron da aka kawo mini in koya masa aiki, rami ɗaya yake faɗawa. Da ya ga kalmar "looting" a takarda, ko numfashi ba zai ja ba, sai ya rubuta "kwasar ganima". Jan birona ya ƙare a kan wannan. Bari in rubuta sau ɗaya, wanda ya zo gobe in tura masa ya karanta.

Ganima ba kalmar banza ba ce. Daga Larabci muka aro ta, kuma ta zo mana da shari'arta a goye. Ita ce dukiyar da aka samu a fagen yaƙi, a tara ta wuri guda, a fitar da humusi, wato kashi ɗaya cikin biyar, kamar yadda aya ta 41 a Suratul Anfal ta faɗa, sannan a raba sauran ga mayaƙa. Wanda ma ya ɓoye wani abu kafin rabo, laifinsa yana da suna na daban, gululi. To, abin da yake da shugaba, da lissafi, da rabo, ta yaya za ka laƙaba shi ga ƙaton da ya ɓalle ƙofar shago ya ruga da buhun shinkafa a ka?

Ni ma ba da hankalina na gane ba, sai da na sha. Wata shekara gobara ta tashi cikin dare a wata kasuwa, kafin 'yan kwana-kwana su iso, ɓata-gari sun fasa rumfunan da wuta ba ta ma kai gare su ba. Da safe na hau iska na ce "matasa sun kwashi ganima". Har ina jin daɗin yadda jimlar ta zauna a baki. Bayan azahar, a ƙofar masallacin unguwarmu a Aboabo, wani dattijo mai sayar da atamfa, wanda aka yi wa ƙarƙaf a daren, ya riƙe hannuna bai saki ba. Ya ce, "Ɗana, ashe yaƙi aka yi da ni ban sani ba? Wa ya fitar da humusin?" Na ce, "Baba, a yi haƙuri, haka ake faɗa." Ya ce, "Su wa suke faɗa? Kai na ji." Mutane sun taru, liman yana tsaye bai ce uffan ba, shirunsa ya fi zagi ciwo. Dattijon nan shi ne mai ɗaukar nauyin shirina na yammacin Juma'a. Ya janye tallarsa, na yi wata biyar ina cin bashin koko da ƙosai, kuma kwana uku a jere ina neman afuwa a iska.

Na san jaridu da gidajen rediyo da yawa a Najeriya suna cewa "kwasar ganima" a irin wannan, har kunne ya saba. Su ta shafa. A teburina, idan taron jama'a ya auka wa dukiyar mutane cikin rikici ko gobara, kowa ya ɗebi abin da hannunsa ya kai, wawaso ne. An wawashe shaguna, an wawure kaya. Abin da ya faru a Accra ke nan bayan 28 ga Fabrairu 1948, da aka harbe tsofaffin sojoji uku a hanyarsu ta kai koke fadar gwamna a Osu, gari ya rikice, aka wawashe kantunan Turawa da na 'yan Sham. Ganima kuwa na ajiye ta sai inda runduna ta ci runduna.

Sai maganar asali, wadda take sa ni dariya da takaici a lokaci guda. Wani yaro ya taɓa nuna mini saƙo a WhatsApp wai "loot" daga sunan Annabi Luɗu Turawa suka ɗauko ta. Kai, jama'a! Don sauti ya yi kama, shi ke nan an zama 'yan uwa? Kalmar daga Indiya take, daga harshen Hindi, tushenta kuma Sanskirit, tsohon harshen ƙasar. Turawan Ingila sun ɗauko ta a ƙarni na 18, lokacin da kamfaninsu na kasuwanci yake mamaye ƙasar. Sun tafi da kaya, sun haɗa har da sunan aikin.

Kuskure na biyu da ya tafasa mini jini a nan gida ya faru, a 2024, lokacin da kayan fadar Asante suka iso gidan tarihi na Manhyia. Tarihin a bayyane yake. Ranar 4 ga Fabrairu 1874 Janar Garnet Wolseley ya shiga Kumasi, sojojinsa suka kwashe kayan fadar Asantehene, wato sarkin Asante, Kofi Karikari, suka cinna wa gari wuta, aka yi gwanjon wani ɓangare na kayan a Cape Coast. Kada mu yi saurin wanke hannu, a rundunar Kyaftin Glover da ta biyo baya akwai sojoji Hausawa. Yaron da ya fassara labarin ya rubuta mini, "Ingila ta maido da kayan sata." Kalma biyu, kuskure biyu.

Na ɗaya, sata a ɓoye ake yin ta. Wannan a fili aka yi, da bindiga, da magatakarda yana rubuta lissafi. A bakin sojan da ya ɗauka, ganima ce. A bakin mai fada, wawaso ne. Kai mai fassara, kalmar da ka zaɓa ita za ta nuna inuwar da ka tsaya, don haka ka zaɓa da ido biyu. Ni ina cewa "kayan da sojojin Ingila suka wawashe". Kuma ba duka ne aka ɗebo daga fada ba, akwai zinariyar tarar yaƙi da aka tilasta wa Asante biya a yarjejeniyar Fomena. Wannan tara ce ta dole, a kira ta da sunanta.

Na biyu, kuma shi ya fi muni, "maido". Kaya 32 da suka zo daga manyan gidajen tarihi biyu na Landan aro ne, na shekara uku, da damar ƙara wasu uku. Guda bakwai da gidan tarihin Fowler na Amurka ya kawo a Fabrairun shekarar, su ne aka maido baki ɗaya. In ka ce wa tsohuwa a unguwar Asawase an maido, ka yi mata ƙarya. Ka ce mata an ara wa mai abu abinsa, ita ta san abin da za ta ce. Yaron ya ce, "Malam, ai jimlar za ta yi tsawo." Ta yi mana! Daƙiƙa huɗu ce za ta gagare mu?

Sauran ƙanana ne. Fashi sai da makami, ko tare hanya, ko fasa gida, kada ka ba ɗan sane wannan muƙami. Ƙwace, mai abu yana kallo aka fizge. Idan jami'i ya taɓa baitulmali, sama da faɗi ya yi, ko rub da ciki, almundahana kuma ta fi dacewa inda aka murɗa takardu. Mai yaudara ta intanet damfara yake yi, a nan Ghana kuwa ka ce ɗan sakawa, kowa ya gane.

Wasoso da wawaso 'yan gida ɗaya ne, wasu ba sa bambanta su ko kaɗan. Ni dai na bar wasoso ga yara, ranar suna ko biki, in an watsa alewa da 'yan silalla suna turereniya, domin a can mai abu ne ya watsa da hannunsa. Makon jiya sabon yaronmu ya rubuta cewa an yi wasoson wata motar siminti da ta kife a hanyar Tamale. Na tambaye shi ko direban ne ya ce a ɗiba. Ya karɓi takardarsa ya koma ya gyara.