Yadda za ki gyara fuskarki ba tare da kin ƙara ɓata ta ba

Kafin ki sayi wani sabon mai, tattara duk abin da kike shafawa a fuska ki ajiye gefe. Bar uku kawai: abin wanki, man da zai riƙe danshi, da man kariya daga rana. Mafi yawan masu kukan ƙuraje da tabo a nan Yamai, in kika leƙa gaban madubinsu za ki tarar da kwalabe jere, kowace an fara ta an bari. A haka ta yaya za a gane wadda ta yi aiki da wadda ta yi ɓarna?

Fara da wanki. Sabulu sau biyu a rana ya isa, safe da dare, da tafin hannu. Soson wanka ba na fuska ba ne. Ƙurji baya fita da dirza, sai dai ya fashe ya bar baƙin tabo, kuma fatarmu ta baƙaƙe tana riƙe tabo wata da watanni. In kin wanke kika ji fuska ta ɗaure tana ja, sabulun ya fi ƙarfinta, ki canza. Sabulun salo ina son shi a jiki, amma a fuska lokacin hunturu ban yarda da shi ba. Lemun tsami da man goge baki kuwa ki raba su da fuskarki kwata-kwata. Lemun yana ƙona fata, in rana ta same shi a kai wurin ya ƙara duhu.

Sai mai. Kada ki jira fuska ta bushe ƙarau. Ɗan danna tawul, ki shafa tun da sauran laima, don aikin mai shi ne ya tsare ruwan da ya tarar. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da ƙura ke rufe gari, man kaɗe tsantsa ɗan kaɗan ya wadatar wa mai busasshiyar fata, kuma ya fi man jika goma da ba ki san abin da ke cikinsa ba. Mai maiƙon fuska ta nemi mara nauyi a farmasi, musamman a zafin Afrilu da Mayu da ake haura digiri 40, amma kada ta ce tunda tana da maiƙo ba ta buƙatar komai. Abin da ake mantawa shi ne alwala. Sau biyar ruwa ke bin fuskar nan, kowane karo yana tafiya da abin da kika shafa. Ki ajiye ƙaramin gwangwani a jaka, bayan azahar da la'asar ki ɗan mayar.

Yanzu ga inda ake faɗawa rami: haɗi. Za a miƙo miki roba babu suna babu takarda, a Babbar Kasuwa ko a Wadata ko ta WhatsApp, a ce “hajiya, wannan ba bilicin ba ne, gyaran fata ne kawai, kwana bakwai za ki ga canji.” Kuma za ki gani, shi ya sa ake komawa. Sau da yawa abin da ake matsawa a ciki su ne ƙananan tib ɗin nan na magani. Ki juya kwalin ki karanta: in kin ga clobétasol ko bétaméthasone, maganin kumburin fata ne mai ƙarfi, wanda likita ke rubutawa na ɗan lokaci a kan wuri ƙayyadadde. In aka mayar da shi man kullum, fata takan yi siriri har jijiyoyi su bayyana, nankarwa mai faɗi ta fito a damtse da cinya, ƙuraje da makero su samu wurin zama, rauni ya daina saurin warkewa. Wadda ta daɗe tana shafe jiki duka da shi, yana shiga jini ya taɓa hawan jini da sukari. Na biyun shi ne hydroquinone. Shi ke barin gaɓoɓin yatsu baƙi ƙirin hannu kuma fari, kuma in an daɗe a kansa yakan bar duhu a kan kumatu wanda yake da wuyar fita. Tarayyar Turai ta hana sa shi a kayan shafa tun 2001, Kodibuwa ta haramta mayukan bilicin a 2015. Wasu sabulan da mayukan kuma har da sinadarin mercure, mai lalata ƙoda.

In kin riga kin yi watanni a kan tib, kada ki yanke rana ɗaya don kin karanta wannan. Fuskar za ta yi ja, ta yi zafi, ta feso da ƙuraje, a nan ne mata ke tsorata su koma. Ki ɗauki robar da kwalin ki kai wa likitan fata, akwai su a babban asibitin ƙasa, shi zai tsara miki yadda za ki rage a hankali. Launinki na asali zai dawo, har ma ki ga kamar kin fi da duhu na ɗan lokaci. Ƴan uwa za su tambaya ko lafiya. Ki daure.

Man rana, wanda za ki ga an rubuta écran solaire, ki nemi mai lambar ƙarfin kariya SPF 30 ko sama. Baƙar fata ma tana buƙatarsa, don rana ce ke sa tabo ya ƙi gushewa. Yana da tsada, gaskiya ne. In aljihu bai kai ba, ki sa shi ranar da za ki wuni a waje, sauran ranaku laima da inuwa.

Bayan nan, duk sabon abu ki shigo da shi ɗaya-ɗaya. Gwada shi a bayan kunne kwana biyu, sannan ki ba shi sati shida zuwa takwas kafin ki yanke masa hukunci. Maganin ƙuraje mai peroxyde de benzoyle ki fara da mai kashi 2.5 ko 5, kuma ki sani yana cinye launin tufafi. Mai ciki ta nisanci duk abin da aka rubuta rétinol ko trétinoïne. In ƙurajenki a goshi da haɓa suke, daidai inda hijabi ke zama, ki riƙa wanke hijabin, haka ma rigar matashi, duk bayan kwana biyu uku.