Yadda ake gane fulam ya nuna, da yadda ake nunar da shi a gida

Fulam ɗan itace ne mai ƙwallo ɗaya a tsakiya, wanda ake kira plum da Turanci. Kada launinsa ya ruɗe ka. Fulam mai duhun ɓawo yakan rine tun yana ɗanye, domin sinadarin antosayanin mai ba shi launi yana taruwa a ɓawon da zarar kore ya fara gushewa, zaƙi kuwa yana can baya. Ni da babban yatsa nake gwadawa: in danna a hankali, in ya ɗan lotsa ba tare da ya yi ruwa-ruwa ba, to ya kai. Farar ƙurar nan da ke jikinsa kaki ne da ɗan itacen ke fitarwa don rage bushewa, bar ta sai za ka ci.

A kan bishiya girmansa hawa uku ne. Da fari yana girma da sauri, sai ya tsaya kamar ya fasa, alhali a lokacin ne ƙwallon ciki ke yin tauri ya zama kamar itace. A hawa na uku tsokar ke kumbura da ruwa da sukarin da ganye ke turowa. Nan nake so ka kula sosai. Fulam ba ya tara sitaci kamar ayaba, don haka ranar da aka tsinke shi, sukarinsa ya kusa tsayawa ke nan. Abin da ke ci gaba shi ne taushi, saboda fektin da ke riƙe tsokar yana narkewa, tsami kuma yana raguwa. Wanda aka tsinka da wuri zai yi laushi, amma salam za ka ji shi. Idan bishiyar taka ce, yi haƙuri, ka riƙa tsinka kashi-kashi.

In ka sayo mai tauri, shanya shi a inuwa, wajen da zafi bai wuce digiri 20 da yawa ba. Kana sauri? Sa shi a jakar takarda tare da ayaba ko tuffa, iskar etilin da suke fitarwa za ta hanzarta nunar. Banda leda, gumi ke taruwa ya ruɓar da shi. Duba kullum.

Kada ka kai ɗanye firji. Sanyin digiri 2 zuwa 8, in ya daɗe a ciki, yana mayar da tsokar gari-gari, ta yi duhu kusa da ƙwallo. Sai ya nuna tukuna za ka sa shi a firji, shi ma na 'yan kwanaki kawai.