Aiki a Saudiyya: daga biza zuwa kuɗin sallama

A Saudiyya igama, wato katin izinin zama na baƙo, ita ce mutum. Da ita ake buɗe asusun banki, da ita asibiti ke karɓar ka, da ita ake kama hayar gida, kuma ita ɗan sanda zai fara tambaya in ya tare ka a hanya. Kati ne mai lamba goma da ke farawa da 2, ɗauke da sunanka da sana'arka da sunan wanda ya ɗauko ka. Kusan duk wata matsala da ma'aikaci baƙo ke faɗawa a ƙasar, in ka bi diddiginta, za ka tarar daga igama ko daga kwantiragi ta taso. Shi ya sa bayanin nan ya fi tsayawa a kansu.

Kafin ka bar gida

Bizar Umara da bizar ziyara ba sa halatta aiki. Duk ejan da ya ce maka "ka shiga da ta Umara, in ka isa za a juya maka ita", takari, mai zama ba takarda, yake shirin mayar da kai. Wanda ya wuce wa'adin bizarsa yana iya fuskantar tarar da ta kai riyal 50,000, da ɗaurin da ya kai wata 6, sannan a kai shi tarhil, wato gidan tsare waɗanda za a kora daga ƙasar, kamar ta Shumaisi da ke tsakanin Makka da Jidda, a sa shi a jirgi.

Akwai kuma abin da ake kira biza mai 'yanci. Wani ya sayar maka da bizar kamfaninsa, ka je ka nemi aikinka da kanka, kana ba shi wani abu duk wata. Doka ba ta san wannan ba. Sashe na 39 na dokar ƙwadago ya hana yi wa kowa aiki in ba wanda sunansa ke kan igamarka ba. Ranar da kuka saɓa da mai bizar, ko ya ƙi sabunta maka igama sai ka ƙara kuɗi, ba ka da inda za ka kai kuka, domin kai ma a kan laifi kake.

Ka nemi ejan ya nuna maka lasisinsa na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya in a Najeriya kake. Ka nemi kwafin kwantiragi tun kana gida, ka kai wa wanda ya iya Larabci ya karanta maka layi-layi, domin in aka samu saɓani tsakanin na Larabci da na Turanci, na Larabcin kotu ke bi. Ka duba sana'ar da aka rubuta a biza. In kai mai gyaran wuta ne aka rubuta lebura ko direban gida, to a matsayin da aka rubuta za a ɗauke ka, kuma sauya sana'a daga baya wahala ce. Likitoci da ma'aikatan jinya suna da ƙarin mataki: tantance takardun karatu ta DataFlow, jarrabawar Prometric, da rajista da hukumar ƙwararrun lafiya ta Saudiyya. Injiniyoyi su ma sai sun yi rajista da majalisarsu kafin igama ta fita.

Batun kaya kuwa, kada ka karɓi saƙon kowa a filin jirgi, ko da tsohuwa ce ke roƙon ka da Allah da Annabi. Tiramadol da kodin na cikin abubuwan da ake kama mutane a kansu, kuma hukuncin safarar ƙwaya a can yana kaiwa ga kisa. Ka ƙirga jakunkunanka, ka duba cewa yawan tikitin kaya da aka manna maka ya yi daidai da su. Goro ma a bar shi a gida. In kana shan magani kullum, ka tafi da shi a kwalinsa tare da takardar likita.

Kwana 90 na farko

Da ka sauka, jami'in shige da fice zai ɗauki yatsunka, a ba ka lambar shigowa. Ka adana ta, da ita za ka yi amfani kafin igama ta fito. Daga nan sai gwajin lafiya, sai inshorar lafiya wadda kafili, wato wanda ya ɗauko ka aiki, ke biya, sannan igama. Wa'adin fitar da ita kwana 90 ne daga ranar shigowa.

Kuɗin wannan duka ba naka ba ne. Sashe na 40 ya ɗora wa mai aiki kuɗin ɗauko ma'aikaci, da na igama, da na lasisin aiki, da sabunta su, da tarar da jinkirinsa ya jawo, da tikitin komawa gida in kwantiragi ya ƙare. In ka ga ana zare wani abu daga albashinka da sunan "kuɗin igama", ka ajiye shaidar.

Igama na fitowa, ka yi abu huɗu a mako guda: ka mayar da layin wayarka kan lambar igama, ka buɗe Absher (manhajar gwamnati ta harkokin igama da biza), ka buɗe asusun banki, ka shiga Qiwa (shafin Ma'aikatar Ƙwadago na kwantiragin ma'aikata). Abin da ke lalata mutane a nan ƙarami ne. Wakilin kamfani zai ce "kawo in buɗe maka", ya sa lambar wayarsa a madadin taka. Daga ranar duk saƙon sirri na shiga Absher wayarsa zai riƙa zuwa, yana iya amincewa da abu da sunanka ba ka sani ba. Layin ya zama naka, a hannunka. Haka kuma kada ka ba kowa lambar tabbatarwa ta Nafath (manhajar gwamnati da ke tabbatar da cewa kai ne) ko ta banki, ko da ya kira ya ce daga hukuma yake. Kuma kada ka yarda a yanki layi ko a buɗe asusu da igamarka don wani ya yi amfani da shi. Duk abin da aka aikata da su, kai za a nema.

Fasfo naka ne, doka ta hana kafili riƙe shi. Da yawa suna riƙewa duk da haka. Ka ɗauki hoton shafin farko da na biza, ka tura wa wani amintacce a gida tun kafin ka miƙa shi don aikin igama.

Kwantiragin da ke cikin Qiwa

Takardar da ka sa wa hannu a Kano ko Yamai ba ita ce ƙarshe ba. Kamfani zai tura maka kwantiragi ta Qiwa, ka amince ko ka ƙi, kuma abin da ke ciki shi hukuma ke gani. A nan ake yin sauyin: an yi da kai a kan riyal 2,000, ka buɗe ka ga 1,200. Kada ka danna amincewa don wani na tsaye a kanka yana cewa "yalla, yalla". Ka duba asalin albashi, da kuɗin gida, da na mota, kowanne daban, da tsawon kwantiragin, da lokacin gwaji, wanda bai kamata ya wuce kwana 180 ba.

Aiki awa 8 ne a rana, ko 48 a mako. A watan azumi Musulmi awa 6 yake yi, 36 a mako. Abin da ya haura haka obataya ce, ana biyan kuɗin awa tare da ƙarin rabin kuɗin awa na asalin albashi. Hutun shekara kwana 21 ne, ya koma 30 bayan shekara 5 a wuri guda. Daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba an hana aiki a cikin rana daga 12 zuwa 3 na yamma, kuma duk wanda ya san zafin Kano na watan Afrilu kada ya ɗauka ya san na Riyad. Ka riƙa rubuta awannin da ka yi a ɗan littafi kullum, da kwanan wata. Ranar rigima, wannan littafin da takardar banki su ne shaidunka.

Albashi ta banki ake biya, hukuma na bibiyar sa. Wata dabara da ake yi ita ce a tura cikakken albashi asusunka, sannan a ce ka ciro wani kaso ka mayar hannu da hannu, ko a riƙe katin cirar kuɗinka. A takarda an biya ka cif. Kada ka ba da katin.

Tun 14 ga Maris 2021 aka sassauta tsarin kafala, wanda ke ɗaure ma'aikaci da kafilinsa, ga ma'aikatan kamfanoni. Bayan shekara guda a ƙasar kana iya komawa wani kamfani ta Qiwa ba sai kafili ya yarda ba, muddin ka cika sharuɗɗan kwantiragi da na sanarwa. Kana iya tashi tun kafin shekarar in an yi wata 3 a jere ba a biya ka ba, ko kwana 90 sun wuce ba a fitar maka da lasisin aiki ba, ko igama ta mutu ba a sabunta ba.

Kada ka gudu

In abu ya ɓaci, zuciya za ta ce ka kwashe kayanka ka tafi wurin 'yan uwa a Jidda. Da ka daina zuwa, mai aiki zai shigar da rahoton cewa ka ƙaurace, abin da ake kira hurub. In ba ka gyara matsayinka cikin wa'adin da aka ba ka ba, ka zama marar takarda, kuma albashin da kake bi ya yi wuyar karɓa.

Hanyar ita ce ka kira 19911, layin Ma'aikatar Ƙwadago, ko ka shigar da ƙorafi ta shafinta. Za a fara da zaman sulhu, wanda aka ba kwana 21 na aiki. In ba a daidaita ba, a tura maganar kotun ƙwadago. Kada ka bari wata 12 su wuce bayan rabuwa da aiki, domin bayan haka kotu na iya ƙin sauraro. Ka kuma sanar da ofishin jakadancin ƙasarku a Riyad ko ƙaramin ofishin da ke Jidda. Su ne ke ba da takardar komawa gida ga wanda fasfonsa ya salwanta.

'Yan aikin gida da direbobin gida suna ƙarƙashin wata doka daban, sassaucin 2021 bai shafe su ba, kuma kwantiragin ɗauko su ta Musaned, shafin gwamnati na 'yan aikin gida, yake bi. Ƙa'idar da ta fara aiki a 2024 ta ce aikinsu kada ya wuce awa 10 a rana, da hutun yini guda a mako, da hutun wata guda bayan shekara 2. Ke da za ki shiga gidan mutane, ki haddace lambar waya biyu a kanki, ta gida da ta wani a can, domin waya ce abu na farko da ake karɓewa in an samu matsala. Kuma ki tabbata kwantiraginki na cikin Musaned kafin ki hau jirgi.

Kuɗi da zaman yau da kullum

Riyal a ɗaure yake da dala, 3.75 kan dala ɗaya, don haka ajiya a riyal ba ta narkewa kamar naira. Ba a cire harajin albashi, amma akwai harajin kaya na kashi 15 cikin ɗari a kan mafi yawan abin da ka saya. Ka tura kuɗi gida ta banki ko wuraren da aka yi wa lasisi irin su Enjaz da Tahweel Al Rajhi, ka kwatanta farashi kafin ka tura. Kada ka tura wa wasu kuɗi da igamarka. In abin da ke fita ya ninka albashinka, za a rufe asusun a tambaye ka daga ina.

Mai son kawo iyali ya yi lissafi tukuna: riyal 400 ne duk wata a kan kowane mutum. Mata da 'ya'ya biyu, 14,400 ke nan a shekara, ba a zo maganar haya da makaranta ba. Hayar gida a rubuta ta cikin Ejar, shafin gwamnati na rajistar haya, kuma yawanci ta wata shida ko ta shekara ake biya gaba ɗaya.

Hutun mako na hukuma Juma'a da Asabar ne. Soket irin na Najeriya ne mai baki uku. Motar asibiti 997, 'yan sanda 999, ko 911 a yankunan Makka da Madina da Riyad da Gabas. Kyamarorin Saher masu kama laifin tuƙi ba su san lallashi ba, tara na zuwa ta waya. Kada ka ɗauki hoton mutane ba izini, kuma ka kame hannunka daga rubutu a kan siyasar ƙasar a Facebook ko TikTok. Zama a Makka ma bai ba ka damar Hajji ba. Sai da tasrihi, wato takardar izinin Hajji.

Hutu da sallama

Fita hutu sai da bizar fita da dawowa: riyal 200 na wata 2, da ƙarin 100 kan kowane wata. Ka biya tarar hanya tukuna, in ba haka ba bizar ba za ta fita ba. Ka duba ranar dawowa da kyau, ka lura ko ta Hijira ce ko ta Miladiyya, ka kuma tabbata igama ba za ta mutu kana gida ba.

Kuɗin sallama kuwa, albashin rabin wata ne kan kowace shekara a biyar ɗin farko, da na cikakken wata kan kowace shekara bayan haka, a kan albashinka na ƙarshe. Mai riyal 2,000 da ya yi shekara 7 yana da 5,000 na biyar ɗin farko, da 4,000 na biyun ƙarshe, jimla 9,000. In shi ya ajiye aikin da kansa, lissafin ya sauya: ƙasa da shekara 2 ba shi da komai, daga 2 zuwa 5 kashi ɗaya cikin uku, daga 5 zuwa 10 kashi biyu cikin uku, wato 6,000 a misalin nan. Saboda haka in saura 'yan watanni kwantiragi ya ƙare, ya fi ka sanar cewa ba za ka sabunta ba a kan ka rubuta takardar ajiye aiki.

Za a kawo maka takardar mukhalasa, mai cewa ka karɓi dukkan haƙƙinka. Ka sa hannu bayan ka ga kuɗin a asusunka, har da na kwanakin hutun da ba ka ci ba. Ka karɓi takardar shaidar aiki, kyauta ce. Ka sayar da mota in tana kan sunanka, ka biya bashin banki da na waya, ka kwashe abin da ke asusun. Bizar fita ta ƙarshe na ba ka kwana 60 ka bar ƙasar, ka tabbata an yanka maka tikitin da ke da tazarar mako guda aƙalla kafin su cika.