Sarƙar keke mai inji tana yawan sauka? Kada ka fara da tenshina

Duk wanda ya ɗora wa kekensa ƙaramin injin nan na China ya san ciwon sarƙa. Ka taso daga unguwar Pantami a Gombe, kafin ka kai Tashar Dukku ta sauka, hannu duk baƙin mai. Sai mutum ya kama tenshina, wato ɗan garen da ke tallafe sarƙar, ya yi ta ɗaurewa. Alhali galibi laifin na faifan haƙoran baya ne.

Faifan nan, wanda yawanci haƙora 44 ne, ana maƙala shi ne a kan wayoyin ƙafar baya da robobi biyu da notuna tara. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ƙulle noti ɗaya tam kafin a taɓa sauran, sai faifan ya karkace ko ya kauce daga tsakiya. Ɗaga ƙafar ka juya ta a hankali. In sarƙa ta yi tauri a wani wuri ta saki a wani, faifan bai zauna tsakiya ba. In kuma yana rangaji hagu da dama, ɗaurin ne bai yi daidai ba. Sassauta duka, ka riƙa ɗaurewa kaɗan-kaɗan, wannan noti sannan wanda ke fuskantarsa a ɗaya ɓangaren, kana juyawa kana dubawa. Aikin na son haƙuri, amma a nan rabin matsalar take.

Daga nan ka tsuguna a bayan keken ka hango ko ƙaramin faifan inji, mai haƙora 10, yana layi ɗaya da na baya. Miƙaƙƙen ƙarfe ko zare zai nuna maka. In inji ya jirkice saboda jijjiga, shi za a gyara tukuna.

Sai tenshina. Aikinsa jagora ne, bai kamata a sa shi ya shanye tsawon sarƙa ba. In ta yi yawa, a cire mata gaɓa. A bar mata wasa kamar santimita 1 zuwa 2 a inda ta fi tauri, domin ɗaurin da ya wuce kima yana cinye haƙora da boris. Kuma don Allah a tabbatar maƙallin tenshinan ya kama ƙarfen keke sosai. In ya juya ya faɗa cikin wayoyi ana tsaka da gudu, ƙafar baya za ta ƙame nan take, kuma a kan titi wannan ba ƙaramin haɗari ba ne. In garen bai fuskanci sarƙa daidai ba, a ɗan lanƙwasa maƙallin.

Ɗan makullin da ke haɗa bakin sarƙa, rufaffen kansa ne zai kalli inda sarƙar ke tafiya. Sabuwar sarƙa tana saki a kwanakin farko, a sake duba ta. Lokacin hunturu kuwa, giris da yashin Gombe in suka haɗu sai su riƙa cin ƙarfe, don haka a wanke ta da kananzir, a sa mai kaɗan, a goge ragowar.